Hulunan da ba su kai filin Idi ba: nazarin lamarin wata mai ɗinkin hula a birnin Kano

Matar da aikinta

Matar tana zaune a wani lungu na cikin badala a Kano. Shekarunta sun ɗan haura arba'in, 'ya'yanta biyar, maigidanta ƙaramin ɗan kasuwa ne. Ɗinkin hula a wurin kakarta ta wajen uwa ta koya, kuma ta fi shekara ashirin tana yi. Ba ta da shago. Wurin aikinta tabarma ce a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke faɗowa, sai wani tsohon gwangwanin madara da take zuba allurai da guntayen zare. Abin da ke cikin wannan nazari daga bakinta ya fito, sai kuma wani littafi da 'yarta ta riƙa cikawa daga baya, wanda za a zo kansa.

Wanda bai san sana'ar ba zai zaci mutum ɗaya ke yin hula daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Ana sayo farin yadi a yanka shi gida biyu, jiki da kai, gwargwadon awon mai hula, wanda da inci ake faɗinsa: 22, 22 da rabi, 23. A kai wa mai zane ya fitar da zane a jikin yadin. Sannan mai ɗinki ta bi zanen da allura da zare, kuma nan ne kusan duk wahalar take. In ta gama, tela ya haɗa kai da jiki a keke, daga nan sai wurin masu wankin hula, su wanke, su sa sitaci, su ɗora a kan katako ta bushe ta tsaya ƙyam. Zane da haɗi da wanki duk a hannun wasu suke, kuma su ma Sallar nan ɗaya suke wa aiki.

Huluna iri uku take ɗinkawa: mai cikakken zane, wadda ake bi da sili ɗaya har farin yadin ya ɓace gaba ɗaya, matsakaiciya, sai ta yara. Masu karɓa kuma kashi biyu ne. Akwai na kuɗi, wato wani dillalin huluna na kasuwar Kurmi da ke karɓar uku kowace ƙaramar Sallah, da maƙwabta da abokan maigida. Akwai kuma na kyauta: surukinta mahaifin maigida, da maigidan kansa, da autanta. Waɗannan ba ta taɓa sa su cikin lissafi ba. A wurinta zumunci ne, ba aiki ba.

Har zuwa Sallar 2022, wadda aka yi ranar 2 ga Mayu, hula goma takan fitar ba tare da an ji kanta da kowa ba. Takan fara tun watan Rajab, babbar 'yarta na gefe tana cike mata filayen zane masu sauƙi. A Disamban 2022 aka aurar da yarinyar. Auren ya rage hannu biyu a kan tabarma, ya kuma ƙara kai ɗaya a jerin masu kyauta, domin ba ta yiwuwa Sallar farko ta zo ango bai ga hula daga gidan surukai ba.

Janairu zuwa Maris 2023: aiki ya makara

A ƙarshen Janairu ta karɓi aikin kuɗi bakwai: ɗaya mai cikakken zane, shida matsakaita. Da na kyauta huɗu, hula goma sha ɗaya ke nan.

Lokacin ya faɗo daidai da canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Ita ba ta da asusun banki, don haka masu ba ta kafin alƙalami sai su tura ta asusun maigida, shi kuma ya wuni yana neman inda zai cire. Mai zane da mai zare kuwa kuɗi a hannu suke so. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma sai wajen tsakiyar watan abubuwa suka fara sassautawa. Yadin farko ya dawo daga wurin mai zane saura kwana goma a ɗauki azumi.

Da hular surukinta ta fara, ta bi da ta ango, dukkansu masu cikakken zane. Dalilinta shi ne mai kuɗi ana iya ba shi haƙuri, suruki kuwa ba a san ta inda za a fara ba.

Azumin 2023: dabaru uku

An ɗauki azumi ranar Alhamis 23 ga Maris. Goma ta marmari ta wuce tana kan hular ango. Da aka shiga goma ta wuya ta duba ta ga ko allura ba ta taɓa sakawa a aikin kuɗi ba, sai ta fara neman mafita.

Ta farko ɗinkin dare ce. Bayan an sauko daga asham sai ta kunna fitila mai caji ta zauna har wajen sha ɗaya da rabi. Dare goma sha biyar ta yi tana haka. A hasken fitila shuɗi mai duhu da baƙi kusan abu ɗaya ne, haka kore mai duhu, kuma sau biyu gari na wayewa ta tarar ta cike fili guda da launin da ba nasa ba, dole ta warware. Warwara ta fi ɗinki cin rai, tana kuma raunana yadi, don ramin allura ba ya komawa yadda yake. Ga ciwon kai da ke tashinta tun kafin sahur. Duk da haka, a wannan zaman dare ne ta kammala matsakaiciya ɗaya.

Ta biyu, ta raba aiki. Jikin hula uku da ta ɗan fara ta miƙa wa 'yan mata biyu na maƙwabta su ƙarasa, a kan za ta biya su in an biya ta. Yaran sun iya ɗinki, ba a nan matsalar take ba. Kowace mai ɗinki da irin jan zarenta. Ɗaya daga cikinsu hannunta da tsauri, tana ɗaure zare sosai, sai yadin ya tattare. Da aka auna bayan haɗi, hular 23 ta koma 22 da rabi. Ko a wadda awonta bai taɓu ba, duk mai ido zai nuna inda hannu ya canja, kamar rubutun mutum biyu a shafi ɗaya. Hula ta ukun kuma da tabon mai ta dawo, don a gidan ana suyar ƙosai na sayarwa da yamma. Mai wanki ya duba ya ce ba zai ɗauki alkawarin fitar da shi ba.

Ta uku ba dabara ba ce sosai, tilas ce. Saboda kuɗin kafin alƙalami sun shigo gutsi-gutsi, wasu ma sun shige cefane, zare ma gutsi-gutsi aka riƙa sayowa. In ya ƙare a aiki yaro kasuwa da guntun samfur. Zare kuwa ko sunansa ɗaya, ko kamfaninsa ɗaya, in ba rini ɗaya aka yi musu ba sai an ga bambanci. Ruwan ƙasan da aka sayo a makon farko da wanda aka sayo a mako na uku, a rana tsaka kamar wa da ƙane suke: akwai kama, amma ba mutum ɗaya ba ne.

Ranar Juma'a 21 ga Afrilu

Azumi ashirin da tara aka yi, aka sha ruwa ranar Alhamis, Juma'a aka yi Idi. Ga yadda lissafi ya tsaya. Hular suruki da ta ango sun isa, kuma an yaba. Cikin bakwai na kuɗi uku aka kai, aka dawo da ɗaya saboda ta matse. Huɗu ba su kammalu ba, har da mai cikakken zanen, wadda ko rabi ba ta kai ba. Maigida da hular bara ya je Idi, an dai sake wanke ta. Auta kuwa ta kasuwa aka sayo masa da daren jajibiri.

Dillalin Kurmi ɗaya ya samu cikin ukunsa. Ya aiko yaronsa da saƙo cewa: "A gaya wa Hajiya ni ma alkawari na ɗaukar wa mutane." Bai yi faɗa ba, bai kuma sake aiko da aiki ba. Mutum biyu suka nemi a mayar musu da kuɗinsu, wanda tuni ya zama zare da tuwon Sallah, sai da ta roƙi uwar adashe ta ba ta kwasar da ba tata ba ce a jere. Hausawa na cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ita da bakinta ta faɗi wannan karin maganar, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da aka tambaye ta a lokacin me ya jawo, amsarta ɗaya ce: canjin kuɗi.

Mayu da Yuni 2023: keke mai kwamfuta, da hana kyauta

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana sittin da takwas ne a wannan shekara, don ranar Laraba 28 ga Yuni aka yi layya. Ta shiga wannan tsakani da bashin hula uku a wuyanta, ta kuma gwada abu biyu.

Wani ɗan'uwan maigida ya ba da shawarar a kai zane shagon masu keken ɗinki mai kwamfuta, wanda ke fitar da jikin hula a cikin yini. Ta kai biyu. Daga nesa sun yi kyau. Amma mai sayen hular hannu abu na farko da yake yi shi ne ya juya cikinta, kuma bayan ɗinkin inji ba ya ɓuya. Ba ta ɓoye wa kowa ba, ta faɗa musu na inji ne. Ɗaya ya ce ya fasa, ɗaya ya ce zai karɓa amma a kuɗin hular inji, wanda bai kai rabin na hannu ba. A tsakiyar wannan ne aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mai ya haura ninki biyu, kuɗin Adaidaita Sahu ya bi shi. Zuwa shagon da dawowa sau uku ya cinye ɗan abin da ya rage. Ba ta sake komawa ba.

Abu na biyu, ta yanke cewa bana babu kyauta, har ta maigida da ta auta da suka rage tun ƙaramar Sallah. Ta fuskar aiki wannan ya yi amfani, don ta biya bashin hulunan da hannunta kafin layya. Ta fuskar gida kuwa bai yi ba. Kowa ya san maigida da tsohuwar hula ya yi Sallah biyu a jere alhali matarsa ce mai ɗinki, kuma a gidan gandu irin wannan ba ya wucewa shiru. Uwar miji ta aiko jikarta ta tambaya ko lafiya, ko idon ne. Tambayar ba ta ido ba ce, kowa ya gane. Sai dai, kamar yadda za a gani, tsohuwar ta taɓo gaskiya ba da niyya ba.

Yuli zuwa Nuwamba 2023: littafi, tabarau da ƙyallaye

Canji ya faro ne daga gardama. 'Yarta ta biyu, 'yar sakandare, ta ji tana gaya wa wata maƙwabciya cewa hula mai cikakken zane kwana goma take ɗaukar ta. Yarinyar ta ce: "Umma, kwana goma na wane wata?" Aka yi dariya, amma washegari ta kawo ragowar littafin makaranta ta ja layi uku: lokacin da aka ɗauki allura, lokacin da aka ajiye, da hular da ake kai. Da agogon waya suka riƙa dubawa.

Cikin wata biyu littafin ya nuna abin da shekara ashirin ba ta nuna ba. Mai cikakken zane awa 50 take ci. Matsakaiciya awa 28. Ta yara awa 12. A ranar da babu biki, babu suna, babu baƙi, awa huɗu take samu tsakanin tafiyar yara makaranta da ɗora sanwar dare. Kwana goman da take faɗa ashe kusan goma sha uku ne, kuma na watan da ba azumi ba. A azumi, da suka zauna suka ƙiyasta, allura ba ta wuce daga tara na safe zuwa sha ɗaya da rabi: kafin nan ana ramuwar barcin sahur da shara, bayan nan zafin bazara ya sauko, gumi na ɓata farin yadi, daga azahar kuma an shiga surfen wake da damun kunu. Awa biyu da rabi ke nan. Azumin da ya biyo baya littafin ya tabbatar da wannan ƙiyasi.

Sai yarinyar ta koma baya ta lissafa Sallar da ta wuce. Hula goma sha ɗayan nan awa 358 suke nema. Abin da uwar ke da shi na hasken rana daga ranar da yadi ya iso zuwa jajibiri bai wuce awa 112 ba. Cikinsu, ɗari cif hular suruki da ta ango suka cinye.

A Agusta maigida ya kai ta asibitin ido. Babu wata cuta. Abin da ke samun yawancin mutane ne in sun haura arba'in, ganin kusa ya fara ja baya. Aka rubuta mata tabarau na karatu. Ta daɗe tana miƙa hannu nesa kafin ta zura zare a allura, ba ta ɗauke shi komai ba. Bayan tabarau, littafin ya nuna mai cikakken zane ta sauko zuwa awa 44, matsakaiciya 25, yawanci saboda warwara ta ragu.

Daga nan ta canja wa kyauta mazauni. Daga watan cika-ciki zuwa bayan Takutaha, bikin da ake yi a Kano bayan Mauludi, kasuwar hula a kwance take, ba mai tambaya. A wannan tsakani ta ɗinka hulunan gida huɗu na Sallar gaba, aka haɗa su, ba a kai wanki ba, ta naɗe su a tsohon farin zani ta sa a ƙasan akwati. Awa 125 suka ci, a lokacin da awa ba ta da mai nema.

A nan ne kuma wani abu ya shigo wanda ba ya cikin shiri. Telan da ke mata haɗi yana da buhun ƙyallaye da suka taru tun ɗinkin Sallah, guntayen shadda da atamfa da yadi, yana neman wanda zai rage masa. Ta karɓo, ta yanka su murabba'i kamar faɗin tafin hannu, ta jera launi da launi, ta haɗa a keken maƙwabciya, ta shimfiɗa tsohon zani a tsakiya, ta rufe bayan da yadi guda, sannan ta bi da dogon ɗinki don kada cikin ya tattare in an wanke. Abin rufar yara ya fito, mai ɗan nauyi, kuma kowanne bai fi awa shida ba. Biyar ta yi. Da hunturu ya kama ta rarraba wa 'ya'yan dangi, ɗaya ta kai wa uwar miji ta rufe ƙafa. Matan gidan suka riƙa nuna atamfofinsu na Sallar bara a jikin abin rufar, kowace tana cewa ga tawa. Maganar hular da ba a ɗinka ba daga nan ta mutu.

Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana goma sha ɗaya, shi ya sa Sallah ke matsowa: 2 ga Mayu a 2022, 21 ga Afrilu a 2023. Ita da can da yanayi take auna lokaci, in zafi ya fara ta san Sallah ta kusa. A wannan karon daga kalanda suka ƙirgo baya. Azumi zai kama wajen 11 ga Maris, don haka ta sa wa kanta ƙa'ida cewa duk ɗinkin kuɗi ya ƙare kafin ganin watan azumi. Abin da za a bar wa azumi haɗi ne da wanki kawai, su ma a goman farko, kafin layi ya yi tsawo a wurin masu wanki.

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Sha'aban, in an cire Juma'a da ranakun sabga, kwana 65 suka samu, wato awa 260. Ta karɓi aiki shida, biyu masu cikakken zane, huɗu matsakaita, awa 188. Ragowar ta bar wa rashin lafiya da abin da ba a sani ba. Kafin alƙalami rabin kuɗi ne, kuma ranar da aka bayar ranar ake sayo zaren hular gaba ɗaya, daga kwali ɗaya, a ɗaure shi a leda da sunan mai hula. Kowane launi mai duhu sai ta jiƙa guntunsa ta goga a farin ƙyalle ta ga ko yana zuba. Yadi kuma ana ƙara masa rabin inci a yanka, don cikakken ɗinki yana jan yadi ko a hannunta.

Sayen zare tun da wuri ya yi rana ta inda ba ta zata ba. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, zaren da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle, ita kuwa nata yana ɗaure a leda tun Disamba. Sai dai tsadar ta kama ta ta wata ƙofar: ta yanke kuɗin hula tun Disamba, cikon da aka kawo mata a Afrilu bai sayi abin da zai saya a ranar ciniki ba. Wannan asara ce, ta kuma shiga littafi.

Aikin hunturu ya zo da nasa. Yatsu na faskarewa, kaushin yana kama silin zare yana tsefe shi, ƙura kuma na sauka a farin yadi. Maganin bai wuce shafa man kaɗe da dare, wanke hannu da sabulu kafin a taɓa aiki, da rufe duk ɓangaren da ba a kai ba da ƙyalle.

Shidan sun kammalu saura kwana biyar a ɗauki azumi. Aka ɗauka ranar Litinin 11 ga Maris. Ranar sha biyu ga azumi yayarta ta zo da yadi an riga an zana, na maigidanta, matsakaiciya. Ta ce mata: "Yaya, littafi ya cika." Yayar ta ce: "Haba, ni za ki karanta wa littafi?" Ta karɓa. Awa 25 a awa biyu da rabi kullum kwana goma ne, ta gama a ashirin da uku ga wata, lissafi bai yi ƙarya ba. Amma a goma ta ɗokin Sallah tela ba ya ɗaga kai daga kan kaftani, masu wanki kuma huluna sun yi musu tsibi. An yi Idi ranar Laraba 10 ga Afrilu. Hular ta fito ranar Lahadi, an riga an gama hawan Nassarawa. Shida na kuɗi da na gida kuwa tun goman farko suna hannun masu su.

Sallar 2025

A zagaye na gaba abu biyu ta gyara. Ta raba kuɗin zare da ladan hannu: zare mai hula ke biya a farashin ranar, ladan hannu kuma a biya shi kashi biyu, rabi a farko, rabi ranar da aka gama ɗinki, ba ranar Sallah ba. Ta kuma dawo da ɗaya daga cikin 'yan matan nan, mai sassaucin hannun, amma yanzu kan hula kaɗai take ba ta, ta yi shi daga farko har ƙarshe. Kai da jiki dama ɗinki ne ya raba su, don haka bambancin hannu ba ya fitowa. Ba a sake raba jiki ɗaya tsakanin hannu biyu ba.

Ta fara a farkon Disamban 2024, ta rufe karɓar aiki da kamawar Rajab, a farkon Janairu. Takwas ta karɓa. An ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga Maris 2025, aka yi Idi ranar Lahadi 30 ga wata. Duk takwas ɗin sun bar gidan kafin goma ga azumi. Mutum uku suka zo a cikin azumi, har da yayar, ta ce musu sai babbar Sallah, biyu suka yarda. Ba ta ɗinka komai da dare ba.

Abin da lamarin ya nuna

Canjin kuɗi ya jinkirta ta, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne tushen abin ba. Ko da yadi ya iso tun farkon Rajab kamar kullum, awannin da take da su ita kaɗai, da idon da ba tabarau, ba za su kai 358 ba. Shekarun baya aikin yana fita ne saboda akwai 'yar da ke ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da kowa ya ƙirga ta ba. Ranar da aka kai ta ɗakin miji ya kamata a rage hula uku ko huɗu. Sai aka ƙara ɗaya.

A ganina abin da ya fi kowanne nauyi shi ne matsayin kyauta. Tana da tsada fiye da aikin kuɗi, don mafi wahalar zane ake zaɓar wa suruki, kuma kunya na sa ta shiga gaban layi, amma ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Hana ta da aka gwada a babbar Sallah ya gyara aiki ya ɓata gida. Abin da ya yi aiki shi ne barin ta yadda take a ɗauke ta daga watannin da ake rububi a kai ta watannin da allura ke zaman banza.

Dabarun azumin 2023 kuwa duk ƙoƙari ne na ƙirƙiro awa a inda babu, kowace kuma ta karɓi ladanta daga ingancin hula: dare ya ci launi, rabon jiki ya ci awo, inji ya ci farashi. Tabarau ya taimaka, amma awa shida a hamsin ba zai cike giɓin 2023 ba. Littafin ma bai ƙara mata sauri ba. Amfaninsa shi ne ya ba ta adadin da za ta tsaya a kai, da kuma abin da za ta nuna wa mai roƙo in kunya ta hana ta cewa a'a, ko da yake hular mijin Yaya ta nuna cewa littafin bai san layin tela da na mai wanki ba sai da aka koya masa.

Ba duk abin da ya lalace ne ya gyaru ba. Dillalin Kurmi bai dawo ba. Ajiyar kyauta ma ta nuna iyakarta: hular auta da aka ɗinka a Satumban 2024 ta ƙi shiga kansa a Maris, yaro ya girma a wata shida. Ƙanen ango aka ba, shi kuma aka yi masa wata a goman farko na azumi, awa goma sha biyu, kwana biyar. A littafin zagayen da ya biyo baya 'yar ta ja layi a ƙarƙashin sunansa ta rubuta cewa a auna kansa a Sha'aban.